Dalilin da ya sa na ba da Corolla na karɓi tsohuwar jif

Assalamu alaikum. Tun da na sauya mota tambaya ba ta rabu da ni ba. Wasu abokan aiki su ce su ma zuciyarsu na raya musu su sayar da ƙaramar motarsu su ɗauki jif, in ba su shawara. Wasu kuwa, waɗanda suka san abin da malamin makaranta ke ɗauka a wata, kai tsaye suke tambaya: Malam, me ya kai ka? Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin masallaci, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta ta daga tushe, ko Allah ya sa wani ya amfana.

Ina koyarwa a wata sakandare a Birnin Kebbi, amma a wani ƙauye na ƙasar Suru aka yanke min cibiya. Can mahaifiyata take, can yayana da iyalinsa suke, can kuma gonar shinkafar da mahaifinmu ya bar mana take, a cikin fadama. In za ka garinmu daga Birnin Kebbi, ta Kalgo za ka bi ka wuce Bunza, duk a kan kwalta. Inda ka sauka daga kwalta nan zancen yake. Da farko burji ne, sai rairayi, sai kuma baƙar lakar fadama wadda da rani take bushewa ta tsattsage, da damina kuma ta koma taɓo mai riƙe ƙafa. Hanyar ba ta da wani tsawo. Da rani kafin ka gama sauraron labarai a rediyo ka isa.

Corolla ɗin na saye ta a ƙarshen 2016. Shekarar ce shinkafa ta fara ɗaga manoman Kebbi, bayan shirin ba da rancen noma na Babban Bankin Najeriya da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015. Mun samu amfani mai kyau a noman rani, na haɗa da ɗan abin da na tara, aka kawo min ita daga Kwatano ana saura makonni gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017. Samfurin 2005 ce, ƙaramin inji, tankinta lita 50. Ba zan gaji da yabon motar nan ba. A cikinta na kai maiɗakina haihuwa, a cikinta na yi ta jigilar taki da iri, a cikinta muka kai amaren danginmu ɗakunansu. In wani abu ya lalace, ko a Jega ko a Bunza za ka samu kayanta, kuma babu bakaniken da zai ce bai san kanta ba. A kan kwalta ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Ambaliyar 2020 ce ta sauya al'amarin. Duk wanda ke Kebbi a ƙarshen daminar nan ya san abin da ruwa ya yi: gonakin shinkafa suka nutse tun daga Argungu har Bagudo, gadoji da kwalbatoci suka tafi. Kwalbatin da ke kan hanyarmu ma ya bi ruwa. Mutanen gari suka yi gayya, suka cike wurin da duwatsu da buhunan yashi, kuma kowace shekara haka ake yi, ruwa ya kwashe a sake zubawa. Daga lokacin, da zarar Yuli ya kama har zuwa farkon Oktoba, a ƙofar gidan wani surukinmu da ke bakin titi nake ajiye mota, in hau kabu-kabu in ƙarasa. Ban ɗauki hakan da zafi ba. Namiji mai lafiya, hawan babur a cikin taɓo ba abin kuka ba ne.

A watan Agusta 2024, da tsakar dare, Yaya ya kira ni. Ya ce Inna ta tashi za ta kewaya ta faɗi, bakinta ya karkace, hannunta na dama ba ya ɗaguwa. Ana sallame sallar asuba na kama hanya. Da na iso inda burji ya ƙare na tarar ruwan daren ya mayar da hanyar tafki. Na san motata, na san iyakarta. In na tura ta ciki, cikinta zai zauna a kan laka, tayoyin su yi ta juyawa a banza, mu rasa motar da za ta kai mu asibiti. Na kashe ta, na tuɓe takalmi, na naɗe wando, na shiga da ƙafa.

A tsakiyar fadama na haɗu da su. Sun shimfiɗa katifa a kan amalanken shanu sun kwantar da ita, sun lulluɓe ta da ledar shanyar shinkafa saboda yayyafi. Ƙanwata na zaune ta ɗora kan Inna a cinyarta tana goge mata yawun da ke zuba ta gefen baki da haɓar zane. Shanun na nutsewa har gwiwa, yaron da ke jan su yana ta lallaɓa su, duk ramin da taya ta faɗa sai jikin Inna ya girgiza ta yi nishi. Ta gan ni, ta gane ni, tana so ta kira ni, harshen ya ƙi. Na kama gefen amalanken muka yi ta turawa. Rana ta yi sama sosai kafin mu fito bakin titi, azahar ta gabato kafin likita ya ɗora mata hannu a Birnin Kebbi. Ya ce hawan jini ne ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, kuma a irin wannan ciwo kowace sa'a da aka ɓata tana tafiya da wani abu da ba lalle ya dawo ba.

Allah ya tashi kafaɗunta, alhamdulillahi. Magana ta dawo, tana tafiya da sanda tana jan ƙafa. Amma dole a riƙa kawo ta ganin likita a kai a kai, damina ko rani. Na roƙe ta ta dawo wurina da zama, na sa ƙannenta suka sa baki. Ta ce, "Nan ubanku yab bar ni, nan ni ka zama har ta Allah ta kasance." Wanda ya san tsofaffinmu ya san an rufe wannan babin.

Daga nan na fara tunanin jif da gaske, kuma daga nan na gane cewa shawarar ba mai sauƙi ba ce, domin na yi ta a mafi munin lokaci. Kafin Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Cikin kwanaki ta haye 500, zuwa ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Dala da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma duk motar da ke shigowa da dala ake sayo ta, da ita ake lissafin kuɗin kwastan. Mu manoman rani kuwa sau biyu fetur ke dukanmu, a tankin mota da kuma a injin ban ruwa. Mutane na sayar da manyan motoci suna komawa ƙanana, ni kuma ina shirin yin akasin haka.

Maiɗakina ce ta fara tsaya min, kuma ba da son rai ta yi ba, da hujja ta zo. Ta ɗauko littafin da take rubuta cefane ta ce, "Malam, mu yi lissafi. Wata nawa hanyar ke lalacewa? Uku ko huɗu. Sauran watanni takwas fa, daga gida zuwa makaranta, daga makaranta zuwa kasuwa, duk da man jif za ka yi su? Ga kuɗin makarantar yara, ga babbar ta kusa shiga jami'a." Ta kawo shawarar mu riƙe Corolla, duk ranar da ake buƙata mu ɗauki shatar Hilux. Na auna maganar sosai, domin a takarda ita ce mai gaskiya. Abin da ya hana ni karɓa shi ne na san yadda shata take a ƙauye. Masu irin motocin nan 'yan kaɗan ne, ranar kasuwa suna kasuwa, da dare wayarsu a kashe, ranar da aka yi ruwa mai yawa kuma, wato ranar da ka fi buƙatarsu, ita ce ranar da suke jin tsoron sa motarsu cikin fadama. Ciwo kuwa ba ya duba ranar kasuwa.

Yaya shi kuma ta wani ɓangare ya ɓullo, kuma tasa maganar ta fi hana ni barci. Ya ce, "Kai ba ka ganin zamanin da muke ciki? Babbar mota kiran ido ce. Wanda bai san ka ba, in ya gan ka cikin jif, ba malamin makaranta zai gani ba, miliyoyi zai gani." Ba wanda zai ce ya yi ƙarya. Mun ga abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙasar Zuru, mun ga ɗaliban da aka kwashe a Birnin Yauri a 2021, ga Lakurawa sun addabi yankin Augie da Arewa. Yankinmu da sauƙi, amma ba wanda ya isa ya bugi ƙirji. Akwai kuma idon 'yan'uwa, wanda ba mugunta ba ce, talauci ne: ranar da ka shiga gari da babbar mota, wanda da zai roƙe ka dubu biyu sai ya roƙi dubu ashirin, in ka ce babu ya ce ka yi kuɗi ka sauya hali.

Na yi istihara, na bar maganar ta kwanta har aka shiga rani. Abin da na tsaya a kai shi ne, in har zan saya, ba don ado ba ne, saboda haka duk abin da ke sa mota ta yi kama da ta manya ba na so. Ba baƙin gilashi, ba sabon fenti, ba ƙyalli. Ina neman ƙarfe ne da zai ratsa laka.

A nan bakanikena ya yi min rana. Dattijo ne, tun zamanin fijo yake kwance injuna, kuma shi ya fara fahimtar da ni cewa ba duk abin da muke kira jif ne jif ba. Highlander, wadda na fara sha'awa saboda daɗin zama, ya ce a kan ginin Camry aka ɗora ta, da yawansu ma tayoyin gaba kaɗai ke ja, kuma ba ta da ƙaramar giyar nan mai ƙarfi da ake fita taɓo da ita. RAV4 ma kusan haka, ko da yake ta fi sauƙin mai. Masu aikin daji na gaske su ne waɗanda aka ɗora bodinsu a kan firam na ƙarfe kamar na a-kori-kura: Hilux, Land Cruiser, Prado, 4Runner. Hilux ta fi ƙarfin aljihuna, domin gwamnati da 'yan siyasa da 'yan kasuwa duk ita suke bi. Prado kuma sunanta kawai kuɗi ne, ga shi ita ce ainihin motar da Yaya ke tsoro. Ya ce 4Runner ta tsakanin 2003 da 2009 a ƙarƙashi 'yar'uwar Prado ce, gini ɗaya, sai dai mutane ba su cika rububinta ba, don haka farashinta ya fi sauƙi.

Muka je Sakkwato tare wurin wani dillali da ya ce yana da ita. Mota fes, kujeru kamar ba a taɓa zama ba, dillali na ta rantsuwa fowil ce, wato duka tayoyinta huɗu na ja. Ni har zuciyata ta kwanta. Dattijon bai ko buɗe ƙofa ba. Ya shimfiɗa kwali, ya kwanta ya shige ƙarƙashi da tocila, can sai na ji ya ce, "Malam, sauko ka gani da idonka. Wagga ba ta ja da gaba." Na durƙusa na leƙa. Ya haska min tsakanin tayoyin gaba, babu sandunan da ke kai musu ƙarfi, babu akwatin da ke raba ƙarfin inji gaba da baya. Ashe da yawa daga cikin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka tayoyin baya kaɗai ke ja, alhali a ido ba ka bambance su. Ya kuma ƙwanƙwasa firam ɗin da sifana, tsatsa ta zubo masa a fuska. Ya ce gishirin da ake zubawa a titunan Amurka lokacin ƙanƙara ne ke cin ƙarfen daga ciki. Muka yi wa dillali sallama.

Wadda na saya daga baya a nan Birnin Kebbi muka same ta, a hannun wani ɗan kwangila da mai ya gallaba, shi kuma yana neman ƙaramar mota. Samfurin 2006 ce, inji mai silinda shida. Fentinta ya koɗe, kujerar direba ta yage, na'urar sanyaya ciki ba ta aiki. Amma firam lafiya lau. Dattijon ya sa muka fita da ita bayan gari inda yashi yake, ya murɗa makunnin fowil daga H2, inda tayoyin baya kaɗai ke ja, zuwa H4, inda duka huɗun ke ja, fitilar ta yi ta ƙyaftawa kafin ta tsaya, sannan ya tsayar da motar cak, ya sa ta a firi, ya kai ta L4, wato ƙaramar giyar nan mai ƙarfi. Muka ji giyar ta shiga. Ya ce abin da ke sa ta jinkiri rashin amfani ne, domin masu irin motar a gari sai su shekara ba su taɓa makunnin ba har na'urar ta ƙage. Ya ce ko ba na buƙata in riƙa sa ta lokaci lokaci a kan ƙasa. Muka duba takardun kwastan, muka gwada lambar da ke jikin firam da ta takarda, domin hanyar Bunza hanyar iyaka ce, ta nan ake zuwa Kamba, kuma mota mara cikakkun takardu ba ta da kwanciyar hankali a kanta.

Musaya muka yi da ciko. Na ba shi Corolla, na ɗora kuɗin shinkafar rani da kwasar adashin da nake yi da abokan aiki, Yaya ya sayar da sa ɗaya ya ƙara min, duk da shi ne ya fi kowa adawa da farko. Rancen banki ban kusance shi ba, saboda ruwa. Ranar da zan miƙa makulli na daɗe zaune a cikin Corolla ban fito ba. Shekara takwas da wani abu muna tare.

Yanzu ga gaskiyar abin da na tarar, domin wanda zai saya ya shiga da idonsa a buɗe. Maiɗakina ba ta yi kuskure a lissafinta ba ko kaɗan. Inda Corolla ke ba ni wajen kilomita 12 a lita a kan doguwar hanya, wannan da ƙyar take ba ni 7, in kuma ta shiga laka ba a ma maganar lissafi. Tankinta ya kusa lita 90, ban taɓa cika shi ba. Galan ɗaya na baƙin mai ba ya isar ta, fulogi shida take ci ba huɗu ba, kuɗin tayarta ɗaya ya kusa sayen biyu na ƙaramar mota. Wasu kayan gyaran sai an aika Kano ko Legas. Ga shi a 2025 farashin shinkafa ya faɗi, taki kuma ya tashi, wato abin da na dogara da shi don ciyar da motar ya ragu. Dole na sauya tsarin rayuwata. Na sayi tsohon babur, da shi nake zuwa makaranta da kasuwa. Jif tana kwana uku, huɗu a rufe ba a tayar da ita ba. Yara sun koma hawan Keke Napep zuwa makaranta, kuma na san hakan bai yi wa uwarsu daɗi ba, ko da yake ba ta taɓa goranta min ba. Allah ya saka mata da alheri.

Kuma kada kowa ya ɗauka fowil na nufin an gama da hanya. In ta kafe, kafewarta ta fi ta ƙaramar mota muni, domin nauyinta ya kusa tan biyu, samari huɗu ba sa ɗaga ta, sai an nemo tarakta. Ina yawo da shebur da igiya da faffaɗan katako a bayanta. A rairayi ina rage iskar taya. Ruwa mai gudu kuwa ba na shigarsa sai na sauka na taka da ƙafata na ga zurfinsa da abin da ke ƙasa, in ya wuce gwiwa in haƙura in jira ya janye. Ta fuskar tsaro, na riƙe sharuɗɗan da Yaya ya gindaya min: ba na tafiyar dare sai dole ta kama, ba na sanar da ranar zuwana, ba na kwana da ita a ƙofar gida a ƙauye.

To, da duk wannan, in aka mayar da ni baya zan sake? Zan sake. Daminar da ta wuce Inna ba ta tsallake ganin likita ko sau ɗaya ba. Har ƙofar ɗakinta nake kai motar, mu kwantar da kujerar gaba, mu sa mata turmi ta taka ta hau. A cikin Satumba wata matar maƙwabcinmu naƙuda ta zo mata da gardama, jini ya ɓalle, ina garin a ranar. Cikin ruwan sama muka fito da ita, aka yi mata aiki, ita da jaririn suna nan da ransu. Tun daga ranar mutanen gari suka fara kawo gudummawar mai da kansu in za a fita da mara lafiya, wani lita biyu, wani kwanon shinkafa. Ban nema ba, ban kuma ƙi karɓa ba, domin ni kaɗai ba zan iya ba.

Abokan aikina da ke tambaya, abin da nake ce musu shi ne su zauna su rubuta hanyoyin da suke bi a shekara, ba waɗanda suke burin bi ba. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce Birnin Kebbi zuwa Jega, Argungu ko Sakkwato, ya riƙe ƙaramar motarsa da hannu biyu, jif ba za ta ƙara masa komai ba sai layin gidan mai. Wanda gonarsa kawai ke bayan laka, babur da shatar mota ranar kwashe amfani sun ishe shi, sun kuma fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ni abin da ke bayan lakar tawa uwa ce, shi ya sa lissafina ya fita daban.

Abin da ya rage a gabana yanzu tayoyin baya ne, sun sha, kuma ba zan yarda damina ta same ni da su ba. Na ware buhunan da zan sayar in an yanke shinkafar rani. Mun kuma haɗu da masu gari da matasanmu mun sake rubuta takardar neman a gina mana kwalbatin nan, mun sa hannu mun kai. In aka gina shi aka zuba burji har cikin gari, zan sayar da jif in koma ƙaramar mota, in mayar wa Yaya kuɗin sansa.